Kurakuran da muke yi in akwatin kukis ya fito mana a waya

Shekaran jiya ƙanwata ta miƙo min wayarta, wai Yaya duba min, ko'ina na shiga tallan takalmin nan da na duba sau ɗaya yake bina har a shafin labarai. Na ce in akwatin kukis ya fito me kike dannawa, ta ce ita dai babban nan mai launi take latsawa ya kauce mata ta karanta abin da ya kawo ta. Gaskiya kusan dukkanmu haka muke yi.

Kukis ɗin nan ɗan ƙaramin fayil ne da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka in ka dawo. Akwai na dole, irin wanda ke riƙe shigarka akawun ko kayan da ka zuba a kwandon sayayya, wannan ba matsala. Na talla ne abin dubawa, don kamfanonin da ko sunansu ba ka taɓa ji ba su ke ajiye shi suna bin sawunka daga wannan shafi zuwa wancan. Mutane na tsoron in sun ƙi shafin ba zai buɗe ba, alhali yawanci lafiya lau zai buɗe. Ka nemi Reject all, wato ƙin duka, in babu ka shiga Manage options ka kashe na talla. Kuma da gangan ake ɓoye shi fa, a farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ci Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, saboda amincewa danna ɗaya ce amma ƙin yarda sai ka sha zagaye.

Sai ka kashe komai kana ganin ka gama, ashe a gefe akwai wani ɓangare an rubuta Legitimate interest duk a kunne yake, shi ma ka leƙa ka kashe kafin ka fita.

Incognito kuma, wato shafin sirri na burauza, wasu sun ɗauke shi layar zana. Tarihi da kukis kawai yake gogewa a wayarka in ka rufe, shafin da ka shiga da kamfanin layinka duk suna ganinka.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne manhajoji, don a nan ake cutar mutane da gaske. Ka sauke manhajar tocila ta ce tana son lambobin wayarka da hotuna da inda kake, kai kuma Allow, Allow, Allow ba karatu. Me ya haɗa tocila da lambar surukarka? Da wannan masu manhajojin ba da bashi suka riƙa tozarta mutane a Najeriya, ka yi lattin biya kwana biyu su tura saƙo ga duk wanda ke cikin wayarka, har malaminka da maigidanka, wai kai ɓarawo ne. Wani maƙwabcinmu sati guda bai iya fitowa majalisa ba don kunya. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji na Play Store taɓa lambobi da hotuna, amma wanda aka turo maka ta WhatsApp ko Xender ka saka da hannunka ba ruwansa da wannan doka, don Allah a daina saka su.

Kuma wanda ya riga ya danna kar ya ce shikenan bakin alƙalami ya bushe. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba ka damar janye amincewarka, ka nemi a goge bayananka, in an ƙi ka kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. A wayar ma kana iya gyarawa yanzu, ka shiga Settings sai Apps sai Permissions ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na sanin inda kake ka mayar da shi sai lokacin da kake amfani da manhajar. Da muka bi na ƙanwata mun tarar da wani gem na yara riƙe da makirfo da kyamara, nan take ta ce Yaya goge shi gaba ɗaya.