Darasi Na 9: Gano Ƙishirwar Masara Da Hoton Sama

Duk wanda ya yi noman masara ya san yadda take nuna ƙishirwa. Da rana ta take sai ganyen ya naɗe, ya miƙe tsaye, launinsa ya koma toka-toka. In ya warware da yamma, da sauƙi. In kuwa aka wayi gari da sanyin safiya yana nan a naɗe, to abin ya yi nisa. Sai dai naɗewar ganye ba ita ce farkon ƙishirwa ba. Kafin ido ya ga wannan, shukar ta riga ta rage aiki. Ga shi kuma da zarar masara ta fi mutum tsayi, mai eka biyar ko goma ba ya ganin tsakiyar gonarsa. Gefe-gefe yake zagayawa, gefen kuwa yakan yi ruɗi, musamman wanda ke kusa da magudanar ruwa.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake ɗaukar hoton gona daga sama da ƙaramin jirgi marar matuƙi, da yadda manomi zai karanta hoton da kansa ba sai ya dogara ga bakin mai jirgin kaɗai ba.

Me ya sa masara mai ƙishirwa take zafi?

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi birjik waɗanda ido ba ya gani. Ta nan shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita, ta nan kuma ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa yake fita ya bi iska. Fitar ruwan nan ita ke sanyaya ganye. Ku tuna randar ƙasa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, shi ya sa na ciki yake sanyi. In randa ta daina tsattsafo, sanyi ya ƙare.

Idan danshin ƙasa ya ragu, masara takan rufe ƙofofin nan don ta tattala ɗan abin da ya rage. Da ta rufe, sanyaya jiki ya tsaya, ganye ya ɗau zafi. Yana iya fin ganyen maƙwabciyarsa da ta ƙoshi zafi da digiri 2 ko 3, wani lokaci har 5. Hannu ba zai bambance wannan a tsakiyar rana ba, ido ma haka, don ganyen yana nan kore shar. Amma akwai kyamarar da zafi take gani, ba launi ba. A shekarar 1981 masu binciken ma'aikatar gona ta Amurka a jihar Arizona suka fitar da ma'aunin ƙishirwar shuka bisa zafin ganye. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 1. Kusa da 0, shuka ta ƙoshi. Kusa da 1, ta rufe ƙofofinta ruf. A wancan lokaci da na'urar riƙewa a hannu suke aunawa, ɗan wuri bayan ɗan wuri. Abin da jirgi ya kawo shi ne auna gona sukutum cikin 'yan mintoci.

Makonnin da ba a wasa da su

Masara tana buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, gwargwadon irinta da zafin wurin. Amma ba kowane mako ne yake daidai da ɗan'uwansa ba. Ƙaramar masara tana jure ɗan yaushi ta farfaɗo. Wadda ta kusa girbi ma ba ta damu sosai ba. Hatsarin yana tsakiya, daga lokacin da furen saman kara ya fito zuwa lokacin da goyo ya fitar da gemu, da makonni biyu ko uku da ke biye.

Ga dalili. Kowane silin gemu ɗaya yana haɗe da ƙwayar masara ɗaya. Sai garin furen sama ya faɗo a kan silin kafin ƙwayar ta samu. Garin nan kusan mako guda yake yi yana zuba, sai ya ƙare. Ƙishirwa kuwa tana jinkirta fitowar gemu. In gemu ya makara, ya fito bayan gari ya ƙare, sai a ɓare masara a tarar da totuwa da ƙwaya jefi-jefi. Yaushin 'yan kwanaki a wannan gaɓa yana iya cinye kusan rabin amfanin gona, kuma ruwan da aka ba ta daga baya ba ya mayar da abin da ya wuce.

Masu noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, waɗanda ke sha daga madatsar ruwa ta Tiga, da na Bakolori a Zamfara da Dadin Kowa a Gombe, sun san wannan. Wanda ya shuka masara a ƙarshen hunturu, goyonta yakan faɗo a bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40 kuma kowa ke rububin ruwa. In sau ɗaya ko biyu kacal za ku iya ɗaukar hoto a shekara, ku yi na farko gab da fitowar fure, na biyu lokacin gemu.

Kyamara iri uku

Ba kowane jirgi ne ke wannan aiki ba. Wanda ake ɗaukar biki da taron siyasa da shi kyamara ce irin ta waya a jikinsa. Tana da amfaninta: za ta nuna inda shuka ba ta fito ba, inda kunya ta karye, inda ruwa ya kwanta. Amma abin da ido zai gani shi take gani.

Ta biyu tana ɗaukar wani haske da lafiyayyen ganye ke mayarwa, wanda idon mutum ba ya gani. Da ita ake fitar da taswirar da ma'aikata ke kira NDVI, mai nuna inda shuka ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni. Aibinta biyu: takan makara wajen nuna ƙishirwa, sannan ba ta bambance rashin ruwa da rashin taki.

Ta uku ita ce mai ganin zafi, ita ce ta wannan aiki. Don haka tambayar farko da za ku yi wa mai jirgi kafin maganar kuɗi ita ce: "Kyamararka tana auna zafi?" In ya fara kame-kame, ku san hoton kallo zai ba ku.

Yaushe ake tashi?

Da tsakar rana, wajen ƙarfe 12 zuwa 2. Da safe duk masara sanyi gare ta, mai ƙishi da ƙosassa, ba za a ga bambanci ba. A nemi ranar da sama ta washe, ba gajimare, ba hazo mai kauri, ba iska mai ƙarfi. Kada a ɗauka washegarin ban ruwa, don ranar kowa lafiya lau yake. A bari sai kwana ɗaya ko biyu kafin ban ruwa na gaba, lokacin ne wuraren da suka riga sauran bushewa za su tona kansu.

Akwai kuma tarkon da ke kama sababbin shiga. Idan masara ba ta rufe ƙasa ba, kyamara takan haɗa zafin busasshiyar ƙasar da ke tsakanin kunyoyi da na ganye, sai gona ta fito kamar tana ci da wuta alhali ba abin da ya same ta. Sai ganye ya haɗe hoton ke faɗin gaskiya.

Jirgin yakan yi ta kai da komo a layi a layi, ba ya wuce mita 120 a sama, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna. Batirinsa bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. Daga nan sai kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama taswira ɗaya. Ku nace a ba ku ita a ranar, ko washegari da safe. Taswirar da ta kwana huɗu labari ce kawai.

Karatun taswira

Ku fara neman abin da kuka sani: hanya, bishiya, bakin magudana, inda injin ban ruwa yake. Ku juya takardar ko wayar har gabas ɗinta ya yi daidai da gabas ɗin gonar. Sannan ku duba ɗan jadawalin launi da ke gefe. Galibi a taswirar zafi ja na nufin zafi, shuɗi na nufin sanyi, amma mai aikin ne ke zaɓen launi, don haka kada a yi zato, a karanta.

A karanta wannan hira a aji, mutum biyu su raba murya.

Manomi: Malam, ga ƙarshen gonata ta yamma duk ta yi ja. Gobe in tada inji in ba ta ruwa ke nan?

Malamin gona: A'a Baba, tukuna. Hoton ya gaya mana inda za mu je, bai gaya mana dalili ba. Ku ɗauko fartanya mu tafi.

Manomi: To ai ja ka ce zafi ne, zafi kuma ƙishirwa.

Malamin gona: Sau da yawa haka ne, Baba. Amma masarar da ruwa ya kwanta wa ma takan rufe ƙofofinta, don saiwarta ba ta samun iska. Haka wadda gishiri ya taso wa, da wadda ƙuduji ya kama. In muka ƙara wa waɗannan ruwa, mun ƙara musu ciwo.

Manomi: Ikon Allah. To mu je mu gani.

Da an isa wurin, a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya da rabi kusa da gindin masara, a ɗebo ƙasar ƙasa, a dunƙule a tafin hannu. In ta dunƙule ta zauna, akwai danshi. In ta wargaje da an buɗe hannu, ƙishirwa ce. In ruwa ya tsattsafo ko ta yi warin ruɓa, ruwa ne ya yi yawa, magudanar fitarwa ake buƙata. A duba fari-farin gishiri a saman kunya. A leƙa cikin kan masara ko akwai tsutsar nan mai cin ganye da ta shigo ƙasar nan a 2016. Sannan a je wurin da ya fito shuɗi a yi irin wannan haƙa, don a kwatanta.

Siffar jan ma tana magana. In ya bi ƙarshen kunyoyi, ruwa ne ba ya kaiwa: kunyar ta yi tsawo, ko ana rufe ruwa da wuri. In ya yi da'ira a wuri ɗaya, mai yiwuwa tudu ne ko jigawa mai saurin tsotsewa. In fangali ɗaya ne ya yi ja tsaf da kusurwoyinsa, a tambayi yaron da ya yi ban ruwa. Tudu da jigawa ba sa ƙaura, saboda haka a adana taswirar. Za ta yi amfani lokacin gyaran gona na baɗi.

Kuɗi da izini

Jirgi mai kyamarar zafi miliyoyin naira ne, ba kayan manomi ɗaya ba ne. Mai rabin eka kuwa, a ganina, bai kamata ya sa kuɗinsa a nan ba. Ƙafarsa da fartanyarsa sun ishe shi. Abin yana biyan kansa ne in ƙungiyar masu amfani da ruwa ko ta manoman da gonakinsu ke jere suka haɗa kuɗi aka ɗauki duka a tashi ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk awa ɗaya da inji ya yi yana ba wa ƙosasshiyar masara ruwa asara ce da ake ji a aljihu.

A Nijeriya ba a tada irin wannan jirgi sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ku nemi ganin takardun mai jirgi. A yankunan da ke fama da matsalar tsaro, jami'ai kan hana gaba ɗaya. Ku sanar da mai unguwa da maƙwabta tun kafin ranar, kuma kada jirgi ya bi ta saman gidajen mutane.

Aikin aji

Kadada ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Ruwa milimita 1 a kan kadada ɗaya lita 10,000 ne.

1. In masara mai goyo tana shan milimita 7 a rana, lita nawa kadada ɗaya ke sha? Jarka nawa ke nan mai cin lita 25?

2. A ce kuɗin ɗaukar hoto naira 120,000 ne, manoma 40 za su raba daidai. Nawa kowa zai biya?

3. Rubuta dalilai uku, ban da ƙishirwa, da za su sa wuri ya fito ja a taswira.

4. Zana gonarka a littafinka. Nuna gabas, nuna inda ruwa ke shigowa, ka sa alama a wurin da kake zaton ya fi saurin bushewa. Kafin zama na gaba, je ka haƙa wurin, ka rubuta jimla biyu kan abin da ka tarar.