Matakan Neman Bizar Aikin Sa-kai a Birtaniya

Masu tambaya sun yawaita a kan yadda ake samun izinin shiga Birtaniya domin yi wa ƙungiyar agaji aiki ba tare da albashi ba, wato bizar da ake kira Charity Worker. Ga matakan bi da bi.

1. Ka tabbatar shekarunka sun kai 18.

2. Ka samu ƙungiyar agaji mai lasisin ɗaukar nauyin baƙi, ka duba sunanta a jerin da gwamnatin Birtaniya ta wallafa a shafinta na intanet, GOV.UK.

3. Ka karɓi lambar shaidar ɗaukar nauyi daga ƙungiyar. Hattara: duk wanda ya ce zai sayar maka da ita, ka guje shi, domin ta nan ake damfarar bayin Allah da dama.

4. Ka ajiye aƙalla fam 1,270 a asusunka kwana 28 a jere, sai dai in ƙungiyar ta ɗauki nauyin hidimarka a rubuce. Ka kula, domin idan kuɗin suka yi ƙasa da fam 1,270 ko da na yini guda ne, lissafin ya koma farko.

5. Idan daga Najeriya kake kuma zamanka zai wuce wata 6, ka yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi.

6. Ka cike takardar nema ta intanet, amma kada ka riga ranar fara aiki da fiye da wata 3.

7. Ka biya kuɗin biza.

8. Ka je cibiyar biza a ɗauki hotonka da zanen yatsunka.

9. Ka jira amsa, wadda kan fito cikin mako 3. Izinin ba ya wuce wata 12, kuma karɓar albashi a wannan aikin saɓa sharaɗi ne.