Kurakuran da sabbin likitoci ke ta maimaitawa wajen rubuta magani

Duk shekara sai an turo mana sabbin haus ofisa, wato likitocin da suka gama makaranta suka fara aikin horo a asibiti, nan Kumasi, yara masu ƙoƙari wallahi, amma abun da na gyara wa na bara shi zan sake gyara wa na bana, toh bari in rubuta kowa ya huta.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rubuta wa yaro magani ba a ɗora shi kan sikeli ba. Sai likita ya ɗago kai ya ce ai wannan zai kai kilo 15. Haba ƙanina, idonka sikeli ne? Farasitamol na yara miligiram 15 ne a kowane kilo, maganin zazzaɓin sauro artemether-lumefantrine shi ma da nauyi yake tafiya, kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1, daga 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, safe da dare kwana 3. In ka rage adadin ƙwayar, zazzaɓi ya dawo, uwa ta sake biyan kuɗin mota daga Aboabo ko Sawaba, daga nan ta ce maganin asibiti ba ya aiki ta koma wajen mai jiƙo. Ni dai dokata, nauyi a saman takarda kafin sunan magani, in babu shi ba na sa hannu. In sirof ne kuma a rubuta miligiram a rubuta mililita, don ba duk kwalba ce ƙarfinta ɗaya ba.

Sai insulin, allurar masu ciwon suga da ake aunawa da yunit. Don Allah don Annabi ku daina taƙaita yunit da harafin U. Wani dare yaron da ke ƙarƙashina ya rubuta 6U cikin sauri, U ɗin ya rufe baki ya zama sifili, aka karanta 60. Wata dattijuwa ce, muka same ta jiƙe sharkaf da gumi ba ta amsa kira, suga ya faɗi ƙasa warwas, a kanta muka kwana muna ɗura mata ruwan gulukos. Allah ya sa da sauran kwana, amma ni na tsaya gaban 'ya'yanta ina bayani, shi gogan ko kallona ya kasa yi. Haka ɗigo yake, .5 a karanta 5, 5.0 a karanta 50. Rubuta 0.5, rubuta 5 kawai.

Sauran ba sai na ja ba. Ainihin sunan magani za ka rubuta ba sunan kamfani ba, da shi jerin magungunan NHIS, inshorar lafiya ta Ghana, ke aiki. Antibayotik ba kwanaki ba magani ba ne, faɗi kwana nawa. Tambayi ko wani magani ya taɓa ba shi ƙaiƙayi ko kumburi. Diclofenac, maganin rage ciwo, ga mai olsa ko ciwon ƙoda, a'a. In famasi sun kira ka sauke girman kai ka saurara, sun fi ka ganin takardu.

Azumi kuma, ku da kuka tashi a zango bai kamata a tuna muku ba. Ka rubuta wa Alhaji sau uku a rana ya ce toh dokta, ya je gida ya haɗa na rana da na dare lokacin buɗa baki. Tambaye shi ko yana azumi, musamman mai shan ƙwayar ciwon suga glibenclamide, ku tsara lokutan tare tun bai bar ɗakin ba.