Kurakuran da Ke Kashe Birkin Baya na Tsohon Moto

Tsohon moto irin Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1970, birkinsa na baya na kwano ne: shu biyu a ciki, wato lanƙwasassun ƙarafa masu fata a bayansu, da ɗan ƙarfe mai juyawa ya buɗa su su kama bango. In ya daina ci, abin da aka saba a garejin Maradi shi ne a ɗaure notin sandar birki a sallami mai shi. Notin nan wasan feda kawai yake gyarawa, milimita 20 zuwa 30 kafin birki ya soma kamawa. In aka matse ya wuce haka, shu na goga kwano ana cikin tafiya, ya yi zafi, fatarsa ta yi sulɓi kamar gilashi.

To a kwance taya a duba. Yashi da ƙurar hunturu sun taru a ciki. A share da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki, don tsofaffin shu da yawa suna da asbestos mai lahanta huhu. Fatar da ba ta kai milimita 2 ba, a canza shu ɗin duka biyu tare da sifirin. Wadda ta sha giris ko mai ita ma ta tashi aiki, wankin esansi ko babbaka ta da wuta ba ya fitar da man da ya shige cikinta.

Kuskuren da ya fi ɓata wa mutane kuɗi shi ne a sa sabon shu, birki ya ƙi ci, a ce jabu aka sayo. Sau tari kwanon ne ya cinye ya faɗaɗa, sai sabon shu ya riƙa taɓa shi a wuri guda, faɗin yatsa biyu. A shafa alli a cikin kwano, a haɗa, a juya taya ana ɗan taka birki, a sake buɗewa. Inda alli ya kama fata, nan ne tudu. A rage shi da samfefa mai lamba 80 ko 120, a maimaita har allin ya rufe yawancin fatar. Aiki ne na haƙuri, amma a nan ƙarfin birki yake. Kwanon da ya wuce awon da kamfani ya yarda, sai dai a nemo wani.

Ɗan ƙarfen da ke buɗa shu yana bushewa, balle in an ratsa ruwan damina. A zare shi, a goge tsatsa, a shafa giris kamar ƙwayar wake.

Wasu kan ciro hannun birki su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don tsohon shu ya ƙara kwana. Wannan ganganci ne: ƙarfen na iya juyawa ya gicciye, taya ta ƙulle da fasinja a baya. A mayar da hannun kan ɗigon da kamfani ya buga.

Wajen haɗawa, a taka birki da ƙarfi a riƙe sannan a ɗaure notin tsakiyar taya, don shu su zauna daidai. Kuma duk ranar da aka ja sarƙa, taya ta matsa baya, wasan feda ya canza. A sake auna shi, a duba fitilar birki tana kamawa. Sai a nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya marar yashi, a tsaya kamar sau 10 a hankali daga gudun kilomita 40, ana barin kwano ya huce tsakani.