Idan an zaftare maka albashi, ga hanyar da za ka bi

Na daɗe ina lissafin albashi a wani gidan mai a nan Bauchi, kuma babu abin da ke tayar da jijiyar wuya a ƙarshen wata kamar shoteji. Yaro ya yini a kan famfo, da daddare a ƙirga kuɗi a ce akwai giɓin dubu huɗu, manaja ya zaro biro ya rubuta a gaban sunansa. Makara tara, rashin sa yunifom tara. Ranar biya sai ka ga kusan rabin albashi ya tafi. Mafi yawan irin wannan yanka haramun ne a doka.

Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana ubangida cire tara daga albashi, ko da kun yi yarjejeniya a kan hakan. Idan kuwa asara ka jawo masa da gangan ko da sakaci, yana iya cire abin da bai wuce kima ba, amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Wannan sharaɗin ne kusan kowa ke tsallakewa. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan takarda a ofishinmu ba.

Akwai abin da ya halatta a cire: haraji, kuɗin ƙungiya, fansho (kashi 8 cikin ɗari daga ɓangarenka, bisa dokar fansho ta 2014), da rancen da ka karɓa a kan albashi, wanda ba a ɗora masa ruwa. In an yi kuskure an biya ka fiye da haƙƙinka, na watanni 3 baya kawai za a iya karɓewa. Duk abin da za a cire a wata ɗaya kuma kada ya haura kashi ɗaya bisa uku. Mai albashin naira 60,000, iyakarsa 20,000.

To, ta ina za ka fara? Da takarda. Adana alat ɗin banki na kowane wata. In a hannu ake biyanku, kada ka sa hannu a kan cikakken albashi alhali ragagge ka karɓa. Rubuta ainihin abin da ya shigo hannunka kusa da sa hannun. A nan mutane da yawa ke kashe kansu, don littafin da ka sa wa hannu ne za a buɗe gobe a ce ai ka karɓa cif. Ka ɗauki hoton shafin shoteji da wayarka. Ka nemi takardar sharuɗɗan aiki, wadda sashe na 7 ya wajabta a ba ka cikin watanni 3 da fara aiki.

Sai ka samu manaja shi kaɗai, ba a gaban yara ba: "Ranka ya daɗe, an cire mini kaza a watan jiya, a kan me?" Sau da yawa a nan ake daidaitawa. In ya ƙi, rubuta wasiƙa kwafi biyu, da wata da adadi, a buga maka hatimin karɓa a naka.

Bayan nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha, ko ƙungiyarku in kuna da ita. Jami'in zai kira ubangidan, kuma doka ta wajabta masa ajiye bayanan albashi na shekaru 3, don haka "littafin ya ɓata" ba hujja ba ce. Kada ka ɓata ƙafarka zuwa caji ofis. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya damƙa shari'ar albashi ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Bauchi, tana kuma iya umartar a mayar maka da kuɗinka.

Manajoji da ƙwararru irin su akanta ba sa cikin waɗanda Dokar Ƙwadago ke kira ma'aikaci. Su takardar yarjejeniyar aikinsu ce abin dogaro, ita za su kai gaban wannan kotun.