Shawara ga masu iyaye tsofaffi a Makka da Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yawa daga cikinmu muna fita aiki tun safe mu bar Inna ko Baba su kaɗai a gida, kuma wannan shirun yana damun tsofaffi fiye da yadda suke nunawa. Shawarata ita ce a saya musu ƙaramar na'urar Echo mai ɗauke da Alexa, manhajar da ake yi wa magana ta amsa, wadda tun Disamba 2021 take jin Larabcin Khalij. Ba ta jin Hausa, amma iyayenmu da suka daɗe a ƙasar nan Larabcinsu ya wadatar.

A zauna da su a koya musu jimloli biyu ko uku kawai, kamar tambayar lokacin salla da neman a sa musu karatun Alƙur'ani, domin tsoho ba ya son a cika shi da bayani. A ajiye ta kusa da inda suke kishingiɗa, a ƙara mata sauti saboda masu nauyin ji.

Abin da na fi muhimmantawa shi ne waya: a rubuta sunayen 'ya'ya da jikoki da haruffan Larabci, ta yadda Hajiya za ta ce wa Siri, manhajar da ake yi wa magana a wayar iPhone, ta kira mata jikarta ba tare da ta laluba lambobi ba.