Daren Farko a Sabuwar Duniyar Minecraft

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar la'asar, mai kula da sabar ɗinmu ta Minecraft, wato dandalin intanet da muke haɗuwa mu buga wasan tare, ya share tsohuwar duniya ya buɗe sabuwa. Gidajen da muka shafe wata biyar muna ginawa duk sun tafi. Mu kusan ashirin ne, yawancinmu 'yan Samaru, sai wasu daga Kongo da Sabon Gari, duk a nan Zariya, kowa a wayarsa, kowa ya faɗo fili ɗaya hannu rabbana. Karo na huɗu ke nan da nake ganin irin wannan rana, kuma ga abin da na gaya wa ƙanena da ya shigo cikinmu a karon farko.

Ka bar wurin da aka sauke ku. Wannan shi ne babban abu. Kowane baƙo a nan yake faɗowa, kuma cikin baƙi akwai masu buɗe akwatin mutane. Kafin awa ɗaya an sare itatuwan wurin, an yanke tumakin. Ka sari gungume goma sha biyar ko makamancin haka, ka haɗa teburin aiki da katako 4, ka yi digar katako, ka haƙo dutse, ka yi digar dutse da takobi, sannan ka kama hanya. Yini guda a wasan minti 20 ne, hasken rana kusan rabinsa, don haka babu lokacin tsayawa hira. Ni ba na zama sai na yi nisan bulo dubu, kuma ba na bin gefen kogi, domin kowa hanyar da yake bi ke nan.

A hanya idonka ya kasance kan tumaki. Ulu 3 masu launi ɗaya da katako 3 su ne gado, gado kuwa shi ke mayar da kai gida idan ka mutu. Amma don Allah kada ka ƙarar da garken. Ka bar biyu, ka killace su, alkama kawai suke so su hayayyafa. A duniyar da ta gabata sai da muka yi mako muna neman tunkiya saboda wani ya kashe duk na kusa.

Daren farko ba a gina bene. Ka haƙa rami a jikin tudu, ka toshe ƙofa da ƙasa ko dutse don kada a gane daga waje. Ka haɗa murhu da dutse 8. In ba ka sami kwal ba, ka ƙona gungume ya zama gawayi, gawayi ɗaya da sanda ɗaya suna ba ka fitila 4. Ƙarfen farko da ka narkar, garkuwa za ka yi da shi: ƙarfe 1, katako 6. Ita ce ke tare kibiyar ƙwarangwal, dodon da ke harbi, da fashewar Creeper, koren dodon da ke fashewa kusa da mutum. Sai digar ƙarfe, sai bokiti, ka cika shi da ruwa ka riƙa yawo da shi ko'ina.

Yanzu ga abin da ya shafe mu 'yan Zariya. Idan an ɗauke wuta a unguwa, sabis yakan yi rauni, caji kuma ya tafi. Na taɓa tsayawa bakin narkakken dutse a ƙarƙashin ƙasa da lu'ulu'u bakwai a jikina, sabis ya sarƙe, da ya dawo na tarar na ƙone da komai nawa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Tun daga ranar, da zarar na ga wasan ya fara tsaitsayawa, sai in kewaye kaina da bulo ta kowane ɓangare in fita daga wasan. Kuma ina da ɗan littafi a gefen katifa inda nake rubuta lambobin X, Y da Z na gidana da na ramin haƙa, wato lambobin da ke nuna inda wuri yake a wasan, Y kuwa tsayi ko zurfi yake nunawa. Kayan da suka zube idan ka mutu minti 5 kawai suke yi kafin su ɓace matuƙar akwai wani a kusa, ba tare da lambobi ba kuwa ba za ka isa ba.

Lu'ulu'u zai jira. Tun fitowar sigar wasan ta 1.18 a 2021 ƙasa ta ƙara zurfi, a ƙarƙashin ƙasa ƙarfe ya fi yawa wajen Y 16, lu'ulu'u kuwa can wajen -58, inda narkakken dutse yake ko'ina. Wanda ya sauka can da ciki babu abinci ba ya dawowa. Ka fara shuka alkama a gefen ruwa, ka gasa nama, ka raba kayanka akwati biyu, ɗaya a binne nesa da gida.

Wurin gidanka kuma, mutum ɗaya ko biyu kawai za ka gaya wa, waɗanda ka san ɗakinsu a zahiri. Ƙanena ya ce, “Yaya, har ni ma?” Na ce shi kam ya zo, na riga na haƙa masa ɗaki kusa da nawa, ya taho da tunkiya ɗaya in ya gani a hanya.